Tuta Amana Ce: Kore da Fari a Farfajiyar Makarantunmu

Jawabin da wani malamin firamare daga Kuki ya gabatar a zaman malamai na watan Oktoba

 



Watan Oktoba ya haɗa mana ranaku biyu masu daraja. Ranar 1 ga wata ita ce ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, ranar 5 ga wata kuma ita ce Ranar Malamai ta Duniya. Saboda haka shugabanni suka umarce ni in yi magana a kan tutar ƙasarmu, tarihinta da ma'anarta. Na karɓi wannan umarni da farin ciki, domin idan aka ɗebe soja da ɗan sanda, babu ma'aikacin da ke tsayawa gaban wannan tuta kullum safiya kamar malamin firamare. Mu ne muke jera yara, mu sa su natsu, su rera taken ƙasa, su maimaita alƙawarin biyayya ga ƙasa. Ya kamata a ce mun fi kowa sanin abin da muke sa su girmamawa.

Maganar da nake so in bari a zukatanmu yau guda ɗaya ce: a tarihinmu da al'adarmu, tuta amana ce, kuma duk wanda aka ba tuta an ɗora masa nauyi tare da ita.

Bari mu fara daga gida. Ƙasar Hausa ta san tuta tun kafin Bature ya tako ta. Harshenmu ma shaida ne, domin idan yaro ya fi sa'o'insa a jarrabawa muna cewa ya ciri tuta. Bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a shekarar 1804, ya riƙa ba almajiransa tutoci su koma ƙasashensu. Malam Sulaimanu ya riƙe ta Kano, Malam Musa ta Zazzau, Malam Yakubu ta Bauci, Buba Yero ta Gwambe, Modibbo Adama kuma ta ƙasar da yau ake kira da sunansa. A nan Katsina mutum uku ne suka jagoranci al'amarin: Malam Ummarun Dallaje, da Malam Muhammadu Na Alhaji, da Malam Ummarun Dumyawa. A 1807 birnin Katsina ya shiga hannunsu, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan sarauta kuma ya yi arewa har ya kafu a Maraɗi. Zuriyar Na Alhaji ita ce ta riƙe sarautar 'Yandaka, wadda hakimcin Dutsin-Ma yake hannunta. Ke nan labarin tuta labarin ƙofar gidanmu ne.

Abin lura ga malami a nan shi ne, waɗannan masu tutoci malamai ne kafin su zama sarakuna, kuma ba a ba su tuta aka sallame su haka kawai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje littafi sukutum a kan ginshiƙan mulki, mai suna Usulus Siyasa. A cikinsa ya nuna masa cewa wajibi ne shugaba ya zama mai tsoron Allah da sauƙin hali, ya kusanci malamai, ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da sauran masu sana'a, ya raya ƙauyuka, ya gyara kasuwanni da hanyoyi, ya gina ganuwa domin mutane su kwana cikin aminci. Ku duba, noma da zaman lafiya ne aka haɗa wa mai tutar Katsina a matsayin sharaɗi, shekaru kusan 150 kafin a zana kore da fari. Tarihi ya kuma nuna mana abin da ke faruwa idan aminci ya kau. Yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi tsakanin Katsina da Maraɗi a wancan ƙarni sun tayar da garuruwa da dama a yammacin wannan ƙasa tamu, gonaki suka koma daji.

A shekarar 1903 wata tuta ta zo. Sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, sannan Lugga, wanda aka fi sani da Gwamna Lugga, ya shigo Katsina ba tare da an yi yaƙi ba. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'arsa, aka yi gumurzun ƙarshe a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda ya rasu tare da ɗaruruwan mabiyansa. Turawa suka ɗauke tutarsa, ta zauna a hannun rundunarsu har zuwa 1960, shekarar 'yanci, lokacin da aka mayar da ita Sakkwato ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Da a ce tuta ƙyalle ne kawai, da babu wanda zai ajiye ta shekaru 57, kuma babu wanda zai damu da a dawo da ita.

Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka yi wa Nijeriya tuta irin ta ƙasashen da Ingila ke mulka. Shuɗiya ce, da tutar Ingila a kusurwar sama, sannan ga wani jan da'ira mai ɗauke da koren tauraro mai tsini shida, da kambin sarautar Ingila da sunan Nijeriya a tsakiya. Iyayenmu da suka kashe anini da kwabo mai huji za su tuna da wannan tauraro, domin yana jikin kuɗin. A ƙarƙashin wannan tuta aka buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1922, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa. Dukansu biyun alli suka fara riƙewa, Sardauna a Makarantar Midil ta Sakkwato, Tafawa Balewa a ta Bauci. Haka nan Alhaji Isa Kaita, wanda kwalejin ilimi ta Dutsin-Ma take ɗauke da sunansa, ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Jihar Arewa. Mutanen da suka sauke tutar Bature daga wannan yanki, akasarinsu 'yan sana'armu ne.

Da 'yanci ya gabato, gwamnati ta sa gasar zana sabuwar tuta, aka buga sanarwa a jaridu. Zane sama da 2,000 aka aiko. A 1959 aka zaɓi na wani saurayi ɗan shekara 23, mutumin Ibadan, mai suna Michael Taiwo Akinkunmi, wanda a lokacin yake karatun fasahar lantarki a wata kwaleji a Landan. Aka ba shi ladan fam 100. Zanen da ya aiko yana da jar rana mai haskoki a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore, fari, kore, a tsaye, kowanne faɗinsa daidai da na ɗan'uwansa. Tsawon tutar kuwa ninki biyu ne na faɗinta. Da tsakar daren da ya wayi gari 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniyar Ingila a bikin, kuma tsohon malamin makaranta daga Bauci shi ne Firayim Ministan da ya karɓi takardun 'yanci.

Idan muka waiwayi maƙwabta za mu ƙara fahimtar tamu. Gana, wadda ta riga mu samun 'yanci a 1957, ta ɗauki ja da ruwan ɗorawa da kore, launukan Habasha, ƙasar da ta karya sojojin Italiya a Adawa a 1896 ta tsira da 'yancinta. Wadda ta zana tutar Gana, Theodosia Okoh, malamar makaranta ce. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma, tun watan Nuwamba na 1959, suka zaɓi ruwan goro da fari da kore a kwance, da ƙwallon rana a tsakiya. Duk wanda ya ƙetara Jibiya ya nufi Maraɗi ya gan ta. Tamu ita ce ba ta ɗauke da komai, babu wata, babu tauraro, babu gicciye, babu takobi, babu tambarin wata ƙabila ko wata sarauta. A ganina wannan hikima ce babba. Ƙasa mai harsuna ɗaruruwa da manyan addinai biyu tana buƙatar inuwar da kowa zai shiga ba tare da ya ga kamar rumfar wani ce ba. An gwada ƙarfin wannan tuta daga 1967 zuwa 1970, lokacin yaƙin basasa, sa'ad da aka ɗaga wata daban a gabas. Rayuka masu ɗimbin yawa suka salwanta a ɓangarorin biyu kafin ƙasa ta dawo ƙarƙashin tuta guda.

Yanzu sai ma'anar launukan. Kowane ɗan aji uku zai gaya maka cewa kore yana nufin noma da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya da haɗin kai. Amsar daidai ce, sai dai mun mayar da ita hadda. A lokacin da aka zaɓi koren nan, noma ne ke riƙe da Nijeriya. Dalar gyaɗa na tsaye a Kano, audugar Funtuwa da Malumfashi na cika jirgin ƙasa, koko na fita daga yamma, manja daga gabas. Man fetur kuwa jariri ne, domin a 1956 aka same shi a Oloibiri, a 1958 aka fara fitar da shi. Wanda ya ce noma tushen arziki a wancan zamani, gaskiyar da ido ke gani ya faɗa.

Ku lura da yadda aka jera launukan. Fari na tsakiya, kore na dama da hagu, kuma farin ne ya haɗa su. Idan tela ya farke farin nan, abin da zai rage ƙyallaye biyu ne da ba su haɗu ba. Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari da Ɗanmusa ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Allah ya ba mu ƙasar gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa da za ta iya ciyar da jama'a rani da damina. Amma a shekarun nan mun ga gonakin da aka bari ba shuka saboda tsoron 'yan bindiga, mun ga shanun huɗa da aka kore, mun ga iyalan da suka kwashe kayansu suka dawo cikin gari. Mun tuna da watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, da yadda iyaye a ko'ina cikin jihar nan suka shiga fargabar tura 'ya'yansu makaranta. Kowannenmu ya san ajin da rajistarsa ta ragu saboda ƙauyen da yaran ke fitowa ya tashi. Da farin ya yage, koren ma bai tsaya ba. Magabata da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki sun san abin da suke faɗa.

To, mene ne malami zai gaya wa yaron da aka tashi garinsu, idan ya tsaya gaban tuta aka ce masa fari na nufin zaman lafiya? Yaro ba wawa ba ne. Idan muka ce masa komai lafiya lau, zai gane cewa abin da ake faɗa a makaranta daban, abin da ke faruwa a gida daban, daga nan sai ya daina yarda da mu. Idan kuma muka ce masa tutar banza ce, ƙasar ma ba ta da amfani, mun tura shi hannun duk wanda ya zo da wata tuta. Hanya ta uku ita ce gaskiya: mu gaya masa cewa kore da fari alƙawari ne da aka ɗauka a 1960, wanda har yanzu ba a gama cika shi ba, kuma yana da haƙƙin ya nemi a cika masa.

Wannan magana tana da tushe a dokar ƙasa. Sashe na 24 na kundin tsarin mulki na 1999 ya wajabta wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da taken ƙasa da alƙawarin biyayya. Amma kafin a kai nan, sashe na 14 ya riga ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 18 kuma ya ɗora wa gwamnati ƙoƙarin samar da ilimin firamare kyauta kuma dole. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ƙara jaddada haka. Alƙawarin yana da baki biyu. Yaro ya ɗauki nasa kullum safiya, da hannu a ƙirji, wani lokaci ko karin kumallo bai yi ba. Ya rage ga masu mulki su ɗauki nasu. Alƙawari kaya ne, in ji Bahaushe, kuma ƙungiya irin tamu, wadda aka kafa tun 1931, aikinta ne ta riƙa tuna wa masu kayan cewa yana kansu.

Akwai darasi mai zafi da ya kamata mu riƙe. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta na 2024, an ga matasa da yara a Kano da Kaduna da nan Katsina suna ɗaga tutar Rasha. Aka kama mutane da dama, har da telolin da ake zargi da ɗinka ta. A ranar 1 ga Nuwamba na shekarar aka gurfanar da wasu daga cikin yaran a kotun tarayya a Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin daga baya a ba da umarnin sakinsu. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce. Amma mu tambayi kanmu, nawa ne daga cikin yaran nan za su iya nuna Rasha a taswira? Nawa ne aka taɓa zaunar da su aka ba su labarin tasu tutar? An shafe shekaru da dama babu darasin tarihi a manhajar makarantun firamare kafin a dawo da shi, kuma abin da aka shuka ke nan. Yaron da ba a ba shi tuta a hannu da ma'anarta a zuci ba, duk wadda aka miƙo masa zai karɓa.

Rayuwar shi kansa mai zanen ma abin tunani ce. Akinkunmi ya dawo gida ya yi aikin gwamnati a ma'aikatar gona a Ibadan har ya yi ritaya, ya kuma daɗe cikin ƙunci da rashin lafiya ba wanda ya waiwaye shi, sai da 'yan jarida suka tono labarinsa. A 2014, shekaru 54 bayan 'yanci, Shugaba Goodluck Jonathan ya ba shi lambar girma ta ƙasa tare da albashi na tsawon rai. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2023, yana da shekara 87, kuma gawarsa ta shekara guda ba a binne ba, iyalinsa na jiran jana'izar girmamawa da aka yi musu alƙawari. Iyayenmu 'yan fansho da ke zaune a nan sun fi ni sanin ɗacin irin wannan jira. Ƙasar da ke son a girmama tutarta, sai ta koyi girmama waɗanda suka yi mata hidima tun suna da rai. Mun ga yadda aka lulluɓe makarar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da kore da fari aka kawo shi Katsina a watan Mayu na 2010, aka sassauto da tutoci zuwa rabin sanda. Shi ma malami ne kafin ya shiga siyasa. Irin wannan karramawa tana da kyau, amma malamin ƙauyen da ya shekara 35 yana ɗaga tutar nan, abin da yake roƙo bai kai haka ba, haƙƙinsa kawai yake so a kan lokaci.

'Yan'uwa malamai, kada mu tsaya ga ƙorafi. Akwai abin da ke hannunmu, kuma zan kawo guda huɗu.

Na farko, kowa ya koma ya ɗaga kai ya dubi tutar makarantarsa. Dokar tuta da tambarin ƙasa, wadda aka yi tun 1960, ta haramta ɗaga tuta yagaggiya ko wadda ta lalace. Tarar da ta tanada naira 100 ce, kuɗin da yau ba zai sayi kwalin alli ba, amma abin kunyar ya fi tarar nauyi. Rana da iskar hunturu suna cin yadi, kore ya koɗe ya koma toka-toka, fari ya koma ruwan ƙasa. Yadi kaɗan ne da aikin tela na yini guda. Idan aka kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai, ba za a rasa mai ɗaukar nauyi ba. A riƙa ɗaga ta da safe, a sauke ta idan an tashi, a naɗe ta da mutunci, kada a bari ta taɓa ƙasa.

Na biyu, mu ware darasi ko da sau ɗaya a zango mu ba da labarin tuta da harshen da yara ke ji. Mu fara da tutar Ummarun Dallaje da nasihar Muhammadu Bello, mu bi ta Burmi, mu zo kan saurayin Ibadan da fam ɗarinsa. Mu sa su zana ta da hannunsu, mu tambaye su me suke gani ya sa aka sanya farin a tsakiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, mu raba aikin ɗaga tuta tsakanin yara bi da bi: mace da namiji, ɗan gari da ɗan ruga, ɗan mai hali da maraya, da wanda gudun hijira ya kawo mana. A wannan lokaci da ake neman raba Bahaushe da Bafulatani, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya da cin kasuwa ɗaya, farfajiyar makaranta na cikin wuraren da suka rage inda 'ya'yansu ke tsayawa a layi guda. Kada mu yi sakaci da wannan dama.

Na huɗu, reshenmu ya tattara sahihin bayani daga membobi a kan makarantun da suka rufe ko yaransu suka ragu saboda rashin tsaro, da ajujuwan da ba rufi, a rubuta a kai wa hukumomin da abin ya shafa cikin ladabi da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Neman a cika alƙawarin da ke cikin tuta yana daga cikin girmama ta.

Shugaban zama, iyayena da 'yan'uwana, masu tutocin farko a ƙasar nan malamai ne, waɗanda suka karɓi 'yanci malamai ne, kuma yau ma igiyar tana hannun malami. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu, ya mayar da manomi gonarsa, makiyayi makiyayarsa, yaro ajinsa. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.